Keke, Rauni da Hoton Tsuntsaye Bayan Shekara Sittin: Tambayoyi da Amsoshi

Na fara doguwar tafiya a kan keke ne bayan na ajiye aiki, ina da shekara 61. Duk shekara idan hunturu ya kankama nakan ɗaure kaya a kariya in nufi fadamun Haɗejiya da Nguru, in yi kwana bakwai ko goma ina bin bakin ruwa da kyamara. A tafiyata ta uku tayar gaba ta nutse a yashi, na faɗi a kan kafaɗa, ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji ya karye. Wata uku na yi ban hau keke ba. Da na koma, jiki ya ƙi saurin da na saba, kuma a wannan shekarar ce na fara samun hotunan da nake iya nuna wa mutane, domin tsuntsu ba ya tsaya wa mai gaggawa. Tun daga lokacin sa'o'ina da na ƙasa da ni ke yi mini tambayoyi, wasu kan jiki, wasu kan tsuntsaye. Ga su nan yadda aka yi mini su. Duk abin da ya shafi magani, likitan da ya san jikinka ne ke da magana ta ƙarshe.

Malam, na haura sittin. Anya ban makara ba?

Ba ka makara ba, Alhaji. Dubi ƙauyukanmu: dattijo mai furfura zai ɗora buhun gero a bayan keke ya kai kasuwa ya dawo, ba wanda zai ko waiwaya. A Faransa an yi wani tsoho, Robert Marchand, wanda a watan Janairun 2017, yana da shekara 105, ya tuƙa keke kilomita 22 da rabi cikin awa guda. Keke yana tausaya wa gaɓoɓi saboda sirdi ne ke ɗauke da nauyinka, gwiwa juyawa kawai take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce wanda ya kai 65 ya riƙa motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, ya haɗa da abin da ke ƙarfafa tsoka da abin da ke gyara tsayuwa don gudun faɗuwa.

Abin da shekaru suka canja shi ne murmurewa. Gajiyar da barcin dare ɗaya ke wanke wa matashi, kai sai ta kwana biyu a jikinka. Don haka ka fara da kilomita goma, sau uku a mako, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan, sai bayan wata biyu ko uku ka ɗora kaya ka gwada kwana ɗaya a waje. Ka kuma sani keke ba ya ƙarfafa ƙashi yadda tafiyar ƙasa ke yi. Kada ka bar tafiya da ƙafa, kuma kowace safiya ka tashi daga kujera ka zauna sau goma ba tare da dafa komai ba, ka tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango na ɗan lokaci.

Ina da hawan jini, abokin tafiyata kuma yana da ciwon suga. Me za mu gaya wa likita?

Ku gaya masa gaskiyar abin da za ku yi: awa nawa a kan keke, kwana nawa, a wane irin zafi. Ku kai masa kwalayen magungunanku duka. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, idan aka haɗa da gumi sai jiri ya kama mutum da zarar ya sauka daga keke. Wasu, irin su atenolol, suna hana zuciya saurin bugawa, sai ka gaji ba ka ga alama a bugun ba. Mai suga da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayar da ke saukar da suga zai iya samun faɗuwar suga a hanya, ko ma cikin dare bayan tafiya. Ya riƙe dabino ko alewa a aljihun riga, ba a ƙasan jaka ba, kai kuma ka san alamun: rawar jiki, gumi mai sanyi, magana ta rikice. Wanda ke shan maganin tsinka jini, kamar warfarin ko clopidogrel ko asfirin, ya rubuta haka a takarda ya sa a aljihu tare da lambar wayar gida. Ciwon ƙirji, numfashi ya sarƙe fiye da aikin da ake yi, ko duhun gani, ba abin da ake daurewa ba ne. A tsaya a nemi mota.

Gwiwata tana ciwo idan na yi awa biyu ina tuƙi. In haƙura da keken?

Kafin ka haƙura, duba sirdi. Mafi yawan ciwon gwiwar da na gani wurin masu keke daga tsayin sirdi yake. Mun saba sauke sirdi ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa idan an tsaya, wannan kuwa yana sa gwiwa ta lanƙwashe da yawa a kowane juyi, sai gabanta, wajen ƙoƙon, ya fara zogi. Idan kuma bayan gwiwa ne ke ciwo, ko kana jin ƙugu yana karkata dama da hagu, sirdin ya yi sama da yawa. Ga yadda ake gwadawa: ka jingina da bango, ka ɗora diddige a kan feda, ka juya ta zuwa can ƙasa. Ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ka karkata ba. Idan ka mayar da tafin ƙafa wajen yatsu kan fedar, yadda ake tuƙi, za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, to nan ne daidai. Kada ka ɗaga sirdi da yawa rana ɗaya. Milimita uku zuwa biyar, ka yi kwana biyu a haka, sannan ka ƙara.

Abu na biyu shi ne giya. Kekunan da muka taso da su, Rale da Finis, giya ɗaya gare su, shi ya sa hannu da ƙafarmu suka saba da dannawa da ƙarfi a hankali. Gwiwar dattijo ba ta son haka. Ka nemi keke mai giya, ka sa mai laushi, ƙafa ta riƙa juyawa kamar sau 70 zuwa 90 a minti. Da farko za ka ji kamar wasa kake yi, amma da yamma gwiwa za ta gaya maka bambancin. Idan an zo hawa ko yashi, sauka ka tura. Ni yanzu ba na ko shawara, da na ga yashi ya yi fari sai in sauko.

Ciwon da ke lafawa bayan an ɗumama jiki ana iya tafiya da shi a hankali. Wanda ke ƙaruwa da tafiya, ko gwiwa ta kumbura ta yi zafi, ko ta riƙa maƙalewa, wannan hutu yake nema da ganin likita.

Yatsuna suna mutuwa, wuyana ya riƙe, sirdi kuma yana cin jikina.

Jijiyoyi biyu ne ke ratsa tafin hannu. Idan ƙaramin yatsa da na kusa da shi ne suka mutu, gefen tafin ne ke danne a kan ƙarfe. Idan babban yatsa da manuniya ne, wuyan hannu ne ya lanƙwashe. Maganin duka biyun shi ne a ɗaga kan keken ya yi daidai da sirdi ko ya ɗan fi shi, a naɗa masa abu mai laushi, a riƙa sauya riƙo duk bayan 'yan mintoci. Ɗaga kan keken yana sauke wa wuya wahala shi ma, ya kuma ba ka damar ganin abin da ke kan itatuwa, wanda ai shi ka fito nema. Game da sirdi, mai taushi sosai ya fi cutarwa a doguwar hanya, domin jiki yana nutsewa a ciki. Ka nemi mai faɗin da ƙasusuwan zama za su hau, ka sa wando marar ɗinki a tsakiya, ka shafa man basilin, ka wanke ka sauya kullum. Namijin da ke fama da matsalar mafitsara ya nemi sirdi mai rami a tsaka, ya riƙa miƙewa a kan feda lokaci-lokaci.

Idan na faɗi a daji, me zan fara yi?

Kada ka zabura ka miƙe. Kunya ce ke sa mu haka, kuma ni ma na yi, na tashi na ɗaga keke da hannun da ya karye kafin zafin ya iso. Idan ba a kan titi kake ba, ka kwanta yadda kake ka yi numfashi, ka motsa yatsun hannu da na ƙafa, ka shafa kai da wuya, sannan ka zauna a hankali.

Wurare huɗu nake so ka sa wa ido. Na farko kai. Idan ka suma ko na ɗan lokaci ne, ko ka kasa tuna yadda aka yi, ko amai ya zo, ko ciwon kai yana ƙaruwa, tafiya ta ƙare, sai asibitin da ke da na'urar hoton kai. Ga wanda ya haura 65 ko yake shan maganin tsinka jini, ko bugun bai yi ƙarfi ba a je a duba. Akwai irin zubar jinin da ke taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kan tsofaffi, ba ya nuna kansa sai bayan makonni: mantuwa, yawan barci, tangaɗi, ɓarin jiki ɗaya ya yi rauni. Iyali sukan ce tsufa ne ko shanyewar jiki, alhali aiki ne da likitoci ke iya yi mutum ya warke. Ka gaya wa na gida ka bugu, don su lura da kai. Hular kwano dole ce, kuma wadda ta taɓa bugun ƙasa a sake ta ko ba a ga tsaga ba.

Na biyu ƙugu. Faɗuwar gefe a tsaye, wajen hawa ko sauka, ita ce ke karya ƙugun dattijo, ba gudu ba. Idan ba ka iya taka ƙafar, ko ta gajarce ta juya waje, kada a miƙar da kai, a kawo mota. Wannan ne ya sa nake ba maza shawara su daina jin nauyin hawa keken da ba shi da sanda, wanda ake ce wa na mata. Ba sai ka wurga ƙafa ta saman kaya ba.

Na uku wuyan hannu. Akwai wani ɗan ƙashi a gindin babban yatsa da ke karyewa idan an tare ƙasa da tafi, sau da yawa hoton farko ba ya nuna shi, sai an sake bayan kwana goma zuwa sha huɗu. Idan wurin yana zafi idan an danna, a ɗaure shi kamar karaya har a tabbatar. Na huɗu ƙashin kafaɗa irin nawa: ka rataye hannun da rawani ko ɗankwali a ƙirji, ka nemi abin hawa.

Ƙujewar fata kuwa ruwa mai tsabta take so, mai yawa. Ruwan leda uku ko huɗu ka kwarara har yashi ya fita, ka wanke gefen da sabulu, ka rufe da bandeji mai tsabta. Za a samu mai tausayi da zai kawo man birki ko toka ko ƙasa, ka yi masa godiya ka ƙi. Allurar rigakafin tetanus ana sabunta ta duk shekara goma, ka yi kafin ka bar gida. Mai ciwon suga ya riƙa duba rauni da tafin ƙafarsa safe da yamma.

Mai ɗori yana kusa, asibiti yana nesa. Wanne zan nufa?

Ina girmama masu ɗori, akwai waɗanda suka gaji sana'ar kuma sun taimaki mutane da yawa. Amma ba su ganin cikin ƙashi, kuma ɗaurin kara da aka tamke a kan gaɓar da ke kumbura yana iya tare jini har nama ya mutu, abin da ke kai wa ga yanke hannu ko ƙafa. Karayar ƙugu, ta cikin gaɓa, da wadda ƙashi ya huda fata, ba na ɗori ba ne sam. Ka fara ɗaukar hoto. A yankin da nake zuwa akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru da babban asibiti a Haɗejiya, a Kano kuma ga Asibitin Ƙashi na Dala. Duk ɗaurin da ya sa yatsu suka yi sanyi, suka yi baƙi ko suka mutu, a kwance shi nan take, ko wane ne ya ɗaura.

Zan iya shan maganin kashe ciwo in ci gaba da tafiya?

A nan nake da tsauri. Ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saya a kowane kemis, suna wahalar da ƙoda, musamman idan jiki ya rasa ruwa, suna tayar da gyambon ciki, suna kuma ɗaga hawan jini. Dattijo mai gumi a rana yana haɗiyar su safe da yamma yana kasada da ƙodarsa. Farasitamol ya fi sauƙi, kada ya wuce giram huɗu a yini, wanda ya tsufa sosai ko ba shi da jiki ya tsaya ƙasa da haka. Tiramol kada ma ya shiga jakarka, yana kawo jiri da barci, ga kama mutum. Jiki magayi ne. Maganin da zai sa ka yi barci da dare daban, wanda zai toshe maka kunne ka ci gaba da ɓarna daban.

Ruwa kuwa kada ka jira ƙishirwa, domin jin ƙishi yana raguwa da shekaru. Ka riƙa kurɓa a kai a kai, ka duba fitsari, idan ya yi ja ka ƙara. A rana mai zafi ka haɗa lita ɗaya da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, sai dai mai suga da mai hawan jini su tambayi likita tukuna.

Na warke, amma tsoro ya hana ni komawa.

Na san shi. Ƙashina ya haɗe cikin mako goma, irin wannan karaya kan ɗauki mako shida zuwa sha biyu, amma zuciyata ta fi haka daɗewa. Ranar da na fara hawa, filin makaranta na je bayan la'asar na yi ta zagaye, ina tsayawa ina tashi, ina gwada birki. Mako guda na yi a haka. Abin da ya fitar da ni daga filin kyamara ce: na ce bari in je kududdufin bayan gari in ga ko balbelu sun sauka. Kilomita huɗu ne. Ka sa wa kanka abin da za ka je gani, hankalinka zai bar kan faɗuwa. Kuma kada ka yi wasa da motsa gaɓar da likitan gashin ƙashi ya koya maka, kafaɗar da aka bari a rataye ta daɗe tana sandarewa.

Me ya sa keke? Ba gara mota ko babur ba?

Keke ba shi da ƙara. Kana tafe kana jin kukan ragon maza a cikin ciyawa, kana jin fiton kirinjijiya tun kafin ka ga garkensu. Yana bin ƙaramar hanyar masunta da kan gaɓar fadama inda mota ba ta shiga. Na kuma lura tsuntsayen karkara sun saba da mai keke, kullum suna ganin manoma suna wucewa. Muddin kana tafiya ba su damu ba, tsayawa ce ke tsorata su. Saboda haka idan na hango tsuntsu ba na taka birki a gabansa, nakan wuce shi kaɗan, in tsaya a bayan wata bishiya, in dawo da ƙafa.

Ina ya kamata in je, kuma a wane lokaci?

Fadamun da kogin Haɗejiya da na Jama'are ke malalawa kafin su zama kogin Yobe su ne wurin da na fi sani. Tafkin Nguru da mashigar Marma sun shiga jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2000, su ne na farko a Najeriya. Baturiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ta Jigawa, da Dagona, a ƙasar Bade ta Yobe, sun shiga a 2008. Dagona yana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, don haka sai ka nemi izinin ma'aikatan gandun, su ne ma za su nuna maka inda tsuntsaye suke a wannan makon.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokaci. Sanyi ya sauka, hanyoyi sun bushe, baƙin tsuntsayen da ke ƙyanƙyasa a Turai da Rasha sun tsallako Sahara sun sauka: ƙananan agwagi, da masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a gonakin shinkafa dubbai. Ga na gida: dinya, kirinjijiya, zalɓe, jinjimi, zakaran ƙeƙuwa. Shamuwa kam ba za ka same ta ba, ita da damina take zuwa, kafin hunturu ta yi kudu. Gauraka ya yi ƙaranci ƙwarai, idan Allah ya nuna maka shi ka rubuta rana da wuri. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, ba na ba dattijo shawarar tafiya a lokacin.

Wani abu da ke damuna shi ne yadda ruwan ya ragu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da ke ciyar da fadamun ta canja, ciyawar kacala kuma ta toshe mashigai da dama. Masunta da manoma ne suka fi jin jiki, tsuntsaye na biye.

Wace kyamara zan saya, ga nauyi ga tsada?

Hoton tsuntsu dogon gilashi yake so, aƙalla milimita 400, gara ma 600. Manyan gilasan ƙwararru suna da nauyin da kafaɗar da ta taɓa karyewa ba za ta ɗauka ba. Ga mai keke na fi son kyamarar da gilashinta ke manne, mai zuƙowa daga nesa. Canon SX70 nauyinta ya ɗan wuce rabin kilo. Nikon P950 tana zuƙowa har kwatankwacin milimita 2000, nauyinta kusan kilo ɗaya. Sony RX10 IV tana tsayawa a 600 amma ta fi su saurin kama tsuntsu mai tashi, ta kuma fi tsada. Rauninsu duka shi ne ƙarancin haske, da magariba hoton yakan yi dishi-dishi. Ta hannu mai lafiya ta wadatar. Ka haɗa da ƙaramar tabarau mai hangen nesa, 8x32, domin sai ka gani kafin ka ɗauka. Waya ba ta isa ga tsuntsu, amma tana da amfani wajen gane shi, manhajar Merlin kyauta ce.

Ina zan sa ta a kan keke?

A jakar da ke rataye a kan keken ta gaba, da soso ko tsohuwar rigar sanyi a ƙasa don girgiza. Kada ka rataya ta a wuya ko a baya kana tuƙi. Tana gajiyar da wuya, kuma idan ka faɗi a kanta haƙarƙari ne zai biya. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gaba: ka sa kyamarar a leda mai zif, ka hure gilashi da ɗan famfon roba kafin ka goge, in ba haka ba yashi zai karce shi. Batir biyu na ƙari, da abin cajin tafi-da-gidanka, domin ba kowane ƙauye za ka samu wuta ba.

Hannuna yana rawa, kafaɗata ba ta daɗewa a sama. Yaya zan samu hoto mai kyau?

Wannan ita ce tambayar da rauni ya koya mini amsarta. Ka daina ɗaukar kyamara da ƙarfin hannu. Na ɗinka ɗan buhu kamar tafin hannu biyu na cika shi da gero. Idan na tsaya sai in juya keken a gicciye, in ɗora buhun a kan sirdi, in kwantar da kyamara a kai, in durƙusa ko in zauna a ƙaramar kujerar naɗewa. Keken ya zama maɗori, ya kuma ɓoye siffata. Inda babu hali, sanda mai ƙafa ɗaya da ake ɗaura wa kyamara tana aiki biyu, tana tallafe kyamara tana kuma zama sandar dogarawa a kan gaɓa mai santsi. Ko ka zauna a ƙasa ka kafa gwiwar hannu a kan gwiwa, wannan ma ya fi kyau ga tsuntsayen ruwa, domin hoton da aka ɗauka daidai da idon tsuntsu ya fi rai.

Bayan ka sauka daga keke kada ka ɗauka nan take. Zuciya tana bugawa, ƙirji yana hawa da sauka, a gilashi mai zuƙowa kuwa ɗan motsi yana zama girgiza. Ka ba kanka minti biyu ko uku. A saiti, ka kunna abin hana girgiza, ka sa saurin ƙyaftawar kyamara 1/500 zuwa 1/1000 na daƙiƙa ga tsuntsun da ke zaune, 1/2000 ga mai tashi, ka bar ISO, wato saitin ƙarfin karɓar haske, ya daidaita kansa. Ka sa ta ɗauki hotuna a jere, cikin biyar ɗaya zai fito tas. Ka saita a kan ido. Ga farin tsuntsu irin balbela a rana, ka ɗan rage haske don gashin kada ya wanke. Rana ta kasance a bayanka. Awa biyun farko bayan fitowar rana da na bayan la'asar su ne lokacin, kuma hazon hunturu yana cinye hoton nesa, komai tsawon gilashinka kusanci ya fi.

To yaya ake kusantar su?

Da zama. Ka sa tufa mai launin ƙasa, farar riga ana hango ta daga nesa. Kada ka nufi tsuntsu kai tsaye kana kallonsa, ka bi ta gefe kana tsayawa. Idan ya daina kiwo ya miƙe wuya, ka kai iyaka. Mafi yawan hotunan da nake alfahari da su a zaune na same su, na yi rabin awa a gindin giginya har suka manta da ni. Sheƙa kuwa a bar ta. Idan ka kori uwa daga ƙwai, rana ko hankaka za su gama da su kafin ta dawo. Baƙin nan da suka ƙetaro hamada suna tara kitsen komawa ne, duk tashin da ka sa garke ya yi don ka samu hoton fuka-fuki ka rage musu guzuri.

Zan iya shiga ruwa don in matsa kusa?

A'a. Ruwan fadama mai kwanciya yana da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, ƙwayar kuwa ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Idan ka jiƙa bisa tilas ka goge jiki nan da nan, bayan wata biyu ka je a gwada, akwai maganinta, praziquantel. Idan kana son tsakiyar ruwa ka yi ciniki da mai kwalekwale. Ka kwana a gidan sauro. Ka sa takalmi rufaffe a cikin ciyawa saboda kububuwa, idan kuma tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure jijiya, a hana gaɓar motsi a garzaya asibitin da ke da allurar dafi.

Baba, mutanen gari da jami'an tsaro fa?

Ɗana, wannan ta fi saitin kyamara muhimmanci. Baƙo da dogon gilashi a bakin ruwa abin tambaya ne, kuma suna da gaskiya su tambaya. Duk garin da na shiga nakan fara da gidan mai unguwa ko bulama, in gaishe shi, in faɗi abin da ya kawo ni, in nuna masa hotuna a bayan kyamara. Sau da yawa shi zai haɗa ni da yaron da ya san inda dinya ke kwana. Kada ka ɗauki shingen bincike, gada ko barikin jami'ai, kada ka ɗauki mata a bakin ruwa, kowa ma sai da izininsa. Ka riƙe katin shaida. Ka tambayi halin hanya a kowace safiya daga direbobi da mutanen gari, idan an ce kada ka bi, kada ka bi. Ba na tafiya ni kaɗai tun da na karye, kuma ba na kai magariba a hanya.

Kilomita nawa kake yi a rana?

Talatin zuwa arba'in, wani lokaci goma sha biyar. Ina tashi bayan asuba in kai bakin ruwa kafin rana ta fito, in yi hoto har wajen ƙarfe tara, in yi tafiya zuwa sha ɗaya da rabi, in kwanta a inuwa har la'asar. Duk kwana uku ina hutun yini guda. Wanda gwiwa ko zuciya ta hana shi haka, keke mai batir ba abin kunya ba ne, sai dai ya fi nauyi kuma sai an tanadi wurin caji.

Bayan na tara hotunan, me zan yi da su?

Ka rubuta rana da wuri a kan kowanne, ka shigar da su inda za su yi aiki. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita tara a tara, masu sa kai suna rubuta abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Najeriya tana da nau'in tsuntsaye sama da 900, kuma gidaje da yawa a Arewa suna jiran wanda zai leƙa su, irin wuraren da mai keke ke ratsawa. Akwai kuma eBird, shafin intanet da ake shigar da tsuntsayen da aka gani, da ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi duk watan Janairu a faɗin duniya. Ungulun da muka taso muna gani a kowace mahauta an sa ta cikin waɗanda ke dab da ƙarewa tun 2015, don haka ko ita ka gani, hoto da kwanan wata shaida ne.

Ka kuma nuna wa tsofaffin garin da ka ɗauka a cikinsa, ka tambaye su sunan kowane tsuntsu da Hausa, da Badanci ko Barbarci idan suna ji. Ni ina da littafin rubutu na musamman don wannan, a aljihun gaba na jaka yake zama, kusa da bandeji.